Hajiya ta gaji da zaman ɗaki, mu kai ta Duluth a Afrilu ko mu jira Mayu?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san arewacin Minnesota.

Hajiyarmu ta zo mini wankan jego daga Gusau tun farkon Disamba, kun dai san irin lokacin da ta faɗo ciki. Daga filin jirgi sai gida, daga gida sai asibiti, sai masallacin Juma'a sau uku ko huɗu. Iyakar Amurkar da ta gani ke nan. Matar da a gida ba ta wuni ba ta leƙa maƙwabta biyar ba, ga ta wata huɗu a bakin taga da carbi tana kallon motar kwashe dusar ƙanƙara. Mun kai ta Mall of America sau ɗaya, ta zagaya ta ce kasuwa ce, kuma ta ga kasuwa a Makka. Shekaranjiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wai ƙasar nan ba su da waje ne?" Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ƙarshen Mayu za ta koma. Wani abokin aikin maigida ya ce mu kai ta Duluth, bakin tafkin Superior, wai awa biyu da rabi ne daga nan Minneapolis. Na duba hotuna na ga furanni da koren ciyawa da jiragen ruwa, amma ban san watan da aka ɗauke su ba. Yau 6 ga Afrilu, a nan dusar ta narke sai ɗan abin da ya rage a gindin katanga. Maigida yana son mu tafi Asabar mai zuwa tun da ya samu sarari.

To, me ake gani a can a wannan lokacin? Hajiya tana da ciwon gwiwa, matakala goma ma sai ta huta. Akwai jariri ɗan wata huɗu, ga Ikram mai shekara biyar wadda ba ta zama wuri ɗaya. Kwana ɗaya kawai za mu yi. Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam, Maman Ikram. Barka da arziki, Allah ya raya. A gaida Hajiya da zaman haƙuri.

Shekara shida na yi a Duluth, daga 2012 zuwa 2018, karatu a jami'ar Minnesota reshen garin sannan aiki, kafin iyali su ja ni zuwa St. Paul. Abu na farko, ki cire hotunan furannin nan daga ranki. Na Yuni ne da Yuli. Wanda ya je Duluth a Afrilu neman fure zai dawo da mura kawai.

Ni kalmar bazara ce ta cuce ni. Lokacin nan nasu na bayan hunturu muna kiransa bazara saboda ba mu da wani sunan da za mu ba shi, sai zuciya ta riƙa raya maka zafin Afrilun Kano, lokacin da ake kwana a tsakar gida. Shekarata ta farko, ranar da na ga rana ta fito a ƙarshen Maris, na wanke babbar rigar sanyina na ninke na tura ƙasan akwati da bismillah. A watan Afrilun nan na 2013 dusar da ta sauka a Duluth ta kai inci 50.8, kusan santimita 129, ba a taɓa rubuta wata ɗaya da ya kai shi ba a tarihin garin. Na ciro rigata ba wanda ya sani. Ba kowace shekara ake yin haka ba, amma garin da zai iya yi sau ɗaya ai ba a sakin jiki da shi.

Dalilin shi ne tafkin. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, babu tafkin ruwan daɗi a duniya da ya kai shi fili, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 400. Irin wannan ruwa idan ya sha sanyin hunturu ba ya sakinsa da wuri, kamar randa ce a lungun ɗaki. Shi kuma garin a jikin tudu yake. Sai ki baro saman tudu da rana mai daɗi, digiri 18 ko 20, ki gangaro bakin ruwa cikin minti goma ki tarar da digiri 5 da hazo da iska mai yanka kunne, musamman idan ta taso daga arewa maso gabas. Mutanen garin ba sa raba mota da rigar sanyi har Yuni.

To me ya sa duk da haka nake cewa ku je? Saboda abin kallon Duluth a wannan lokaci ruwa ne ke farkawa, kuma ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ban san wurin da ya fi shi ba, don kallon ne ke zuwa inda take zaune.

Ga yadda abin yake. Tafkin Superior ɗaya ne cikin manyan tafkuna biyar masu haɗe da juna, ya fi tafkin Huron da ke ƙasansa tudu da ƙafa 21, don haka a garin Sault Ste. Marie, can ɗaya ƙarshen, akwai ƙofofin ruwa da ake shigar da jirgi a rufe, a rage ruwa ko a ƙara, sannan a buɗe masa ya wuce. Ana rufe su 15 ga Janairu don gyara, a buɗe 25 ga Maris. Ranar buɗewar nan ita ce sallar mutanen Duluth. Jiragen fasa ƙanƙara su buɗe hanya a tashar, manyan jiragen da suka yi hunturu a ɗaure su fara fita, na waje su fara shigowa. Mafi yawan kayan da suke ɗauka tama ce daga ma'adinan arewacin jihar, an dunƙule ta ƙanana-ƙanana kamar gurjiya, ana kai ta masana'antun ƙarfe na ƙasan tafkunan. Akwai kuma alkama, wadda jiragen teku ke zuwa ɗauka tun daga Turai. Daga Duluth zuwa tekun Atlantika ta ruwa ya haura kilomita 3,700, kuma tun 1959 da aka buɗe hanyar kogin St. Lawrence suke shigowa har tsakiyar nahiyar. A kan yi gasar cankar ranar da jirgin teku na farko zai iso, galibi cikin Afrilu.

Duk jirgin da zai shiga ta ɓangaren Duluth sai ya bi ta wata mashiga da aka haƙa a 1871, faɗinta kamar mita 90, a unguwar Canal Park. A kanta akwai wata gada. An gina ta a 1905, da farko wani keji ne ke rataye a jikinta yana tsallakar da mutane da keken doki, sai a 1929 zuwa 1930 aka mayar da ita mai ɗagawa. Titin gaba ɗayansa ke tashi sama, ƙafa 135, jirgi ya wuce ta ƙarƙashi.

Ranar da na fara gani ba na mantawa. Ina tsaye jikin katangar mashigar, na hango wani abu can nesa kamar gini a cikin hazo. Kusan rabin awa yana tahowa kamar ba ya motsi. Sai ƙararrawa ta kaɗa, motoci suka tsaya, titi ya fara hawa sama ba ƙara ba gargada. Da hancin jirgin ya shigo mashigar sai rana ta ɓace mini, bango ne kawai na jan ƙarfe yake wucewa, duk jikinsa ƙujewar ƙofofin ruwa, yana kusa har kana jin kamar ka miƙa hannu. Ba ya ƙara, sai wani gurnani da kake ji a tafin ƙafa. Ma'aikata biyu sanye da hular kwano suna ɗaga wa yara hannu daga sama. Can matuƙin ya busa, doguwa ɗaya, gajeru biyu, gadar ta amsa masa da irin tata. Gaisuwa ce, kamar sallama da amsawa. Ni dai na zabura har shayina ya zube. Ki toshe wa jariri kunne, da gaske nake.

Manyan cikinsu su 13 ne a tafkunan, kowanne ƙafa 1,000 ko ɗoriya. Mafi tsawo, Paul R. Tregurtha, ƙafa 1,013 ne, wato mita 309, filin ƙwallo uku a jere. Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗannan ƙattin ba za su taɓa ganin teku ba, don ƙofofin hanyar fita ba sa ɗaukar jirgin da ya wuce ƙafa 740. A tafki aka haife su, a tafki za su tsufa.

Dab da gadar akwai ɗan gidan tarihin jiragen ruwa na injiniyoyin sojan Amurka, shiga kyauta ne. Akwai ɗumi, akwai banɗaki, akwai tagogi masu kallon mashigar, akwai allon da ke nuna jirgin da ake jira da lokacinsa. Idan jirgi ya ƙaraso sukan sanar ta lasifika, sunansa da tsawonsa da abin da ya ɗauko. Nan za ki zaunar da Hajiya, sai jirgi ya kusa ku fito, taku kaɗan ne kuma shimfiɗaɗɗen wuri. Jadawalin yana intanet, ki duba tun daren tafiya, amma ki ɗauke shi kamar alƙawarin tela. Iska ko layin lodi na iya jinkirta jirgi awa uku, wani ma ya sauya shawara ya shiga ta mashigar garin Superior na Wisconsin ya bar ku da hamma.

Na biyu, rafuka. Dusar da ta taru a dazuzzukan tudu tana narkewa daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, duk rafin da ke gangarowa tafkin sai ya haukace. Ku bi babbar hanya mai lamba 61 ta gefen ruwa, ku wuce Two Harbors, kamar kilomita 65 daga Duluth za ku iso Gooseberry Falls. A Agusta yara ke tsallake duwatsun wurin da silifa, amma a wannan lokacin tun daga wurin ajiye mota za ki ji rugugi. Ruwan ja-ja ne kamar shayi ba madara, kada Hajiya ta ɗauka datti ne, jiƙon ganye da saiwoyin fadamun da ya ratso ne. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya mai zagaye matakala har inda ake ganin magangarar tsakiya, keken jariri yana bi. Ikram kuwa a riƙe hannunta gam, dutsen yana da santsi.

Idan da sauran ƙarfi, gaba kaɗan akwai hasumiyar fitila ta Split Rock a kan dutse mai ƙafa 130, an kunna ta a 1910 bayan guguwar Nuwamban 1905 da ta farfasa jirage da dama a wannan gaɓar. Akwai wurin tsayawa a gefen titi da ake hango ta, ya ishe ku.

Ra'ayina, kada ku tafi Asabar mai zuwa. Ku bari sai mako na biyu ko na uku na Mayu.

Ummu Hafsa:

Maman Ikram, ki ji maganar Baban Sadiq ta ƙarshe, sauran kuwa ki rage masa hanya, shi masoyin garin ne, ko ƙanƙara ta faɗo masa a ka cewa zai yi albarka ce.

Mu mun yi kuskuren da kuke shirin yi. Tsakiyar Afrilu muka kai surukata shekara biyu da suka wuce. Muka baro Minneapolis da rana, ina sanye da atamfa da mayafi da 'yar suwaita. Muna hawa tudun Thompson, inda ake cewa garin da tafkin za su buɗe a gabanka gaba ɗaya, ba mu ga komai ba sai fari fat. Hazo ya kwana ya wuni. Jirgi ya wuce, mun ji kukansa, mun ga inuwarsa, shi ke nan. Itatuwa duk ƙirare, ƙasa duk caɓi, tituna duk ramuka. Jirgin nan William A. Irvin da aka mayar gidan kallo ma a rufe, sai Mayu suke buɗewa, kodayake shi duk matakala ne, ba na Hajiya ba ne. Kuma masaukin da muka kama sun rubuta ɗaki mai kallon tafki, da muka shiga sai ka manna kunci a gilashi ka karkace wuya kafin ka hango ruwa. Ki kira su ki tambaya da baki, kada ki yarda da hoto.

Abin da ya cece mu gidan kifaye ne, Great Lakes Aquarium, yana nan kusa da tashar. Yawancin kifayen na ruwan daɗi ne, akwai wasu ƙatti masu gemu da suka fi yarana tsawo. Akwai kuma wani babban teburin ruwa da aka yi siffar tafkunan biyar da ƙofofinsu, yara suna tura ƙananan jirage suna buɗewa suna rufewa. Awa ɗaya da rabi ban ji kukan kowa ba. Ki zo wa Ikram da rigar canji, sai ta jiƙe. Akwai lifta, Hajiya ba za ta wahala ba. Gidan tarihin jiragen ƙasa da ke tsohuwar tashar garin shi ma a cikin gini yake da ɗumi, maza sun fi jin daɗinsa.

Wajen zaɓen rana, ki kauce wa ƙarshen makon yaye ɗaliban jami'a a farkon Mayu, da hutun Litinin ɗin ƙarshe ta watan, kuɗin ɗaki ninkawa yake. Idan maigida zai samu Alhamis da Juma'a ya fi. Sannan duk wanda ya shiga ciyawa a duba jikinsa da dare, akwai kaska, ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi kuma suna sa ciwo mai wuyar magani.

Ɗan Kabi:

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Maman Ikram, ni yanzu haka a Duluth nake karatu, shekarata ta biyu. Na leƙa taga kafin in rubuta, akwai sauran farar ƙanƙara jibge a bakin yashin tafkin da ake kira Park Point, iska ce ta turo ta. Don haka Yaya Baban Sadiq ya yi gaskiya.

Amma Yaya, ka manta babban abu, ko don kai ba ɗan ruwa ba ne. Kamun smelt! Wani ɗan kifi ne siriri mai ƙyalli, tsawon yatsa zuwa tafin hannu. Idan ruwan rafuka ya ɗan saki, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, sai su taso daga tafki cikin dare su yi ƙwai a bakin gaɓa. Kwana goma ne ko mako biyu, wani lokacin ma bai kai ba. Asalinsu ba 'yan tafkin ba ne, shigowa suka yi, suka yi yawa ƙwarai a shekarun 1960 da 1970. Tsofaffin garin suna ba da labarin lokacin da ake cika bayan a-kori-kura a dare ɗaya. Da manyan kifayen da ke cinsu suka farfaɗo sai suka ragu, yanzu bokiti ɗaya ma godiya ne.

Bara wani ɗan ajinmu ya ja ni. Ni da na tashi a Argungu na ɗauka zan koya musu sana'a. A bakin rafin Lester koma suke sakawa, mai doguwar ƙota, a Park Point kuma taru ne, mutum biyu su shiga ruwa su ja zuwa yashi. Aka ba ni aron wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji. Ƙarfe sha ɗaya na dare, tocila a goshi, ga wuta an hura a bakin yashi, ga iyalai da kujerunsu. Na shiga har ƙugu ina taƙama, ashe wandon yana da ɗan huji a gwiwa. Anti, na san ruwa, amma ban taɓa sanin ruwa yana cizo ba sai ranar. Jan farko muka fito da kamar talatin suna ta walƙiya a hasken tocila. Wai al'adarsu sabon shiga sai ya gatse kan na farko da haƙori. Na ce su yi mini uzuri, a garinmu sai an soya.

Suyarsa kuwa ba magana. A cire kai da hanji da almakashi, a barbaɗa gari da gishiri, a jefa a mai, a ci har ƙaya. Na sa yajin ƙuli da Inna ta aiko mini, Turawan nan suna hawaye suna ƙari. Sai da lasisin kamun kifi ake shiga, kada Yaya maigida ya manta idan yana sha'awa. Hajiya ba sai ta fita da dare ba, a lokacin akwai wuraren cin abinci da ke soya shi. Cikin Mayu kuma har fareti suke yi wa kifin a bakin ruwa, mutane su sha azurfar kaya da manyan 'yan tsana na kifi a kan sanda. Ikram za ta so shi idan kun dace da ranar.

Maman Ikram:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida, ya haƙura da Asabar ɗin, ya nemi hutun Alhamis da Juma'a a tsakiyar Mayu. Hajiya ta ce a gaida ɗan Kabi, wai Allah ya ƙara, wa ya aike shi.

Saura abu biyu, Baban Sadiq. Abinci fa? Hajiya ba ta cin abin da ba ta san wanda ya yanka ba, burodin nan nasu mai tsami ma ba ta so. Sannan salla, akwai masallaci?

Baban Sadiq:

Akwai, Islamic Center of Twin Ports, a unguwar Woodland can saman tudu, ba nisa da jami'a. Jama'ar ba su da yawa, ɗalibai ne da likitoci da 'yan iyalai, amma ana Juma'a, kuma baƙo ba ya ɓoyuwa a cikinsu, kafin ku fita wani ya gayyace ku shayi. Ku nemi lokacin huɗuba kafin ku taso. Tafiyar ta kai kilomita 250, ta isa kasaru. Alƙibla arewa maso gabas take, kusan inda tafkin ya miƙe ba iyaka, in kina bakin ruwa ki fuskanci buɗaɗɗen ɓangaren ki ɗan daidaita da waya. Ki kuma faɗa wa Hajiya a tsakiyar Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, kada ta yi ta duban agogo tana cewa ya lalace.

Abinci, ku yi guzuri daga gida. Naman halal ki saya a shagunan Somaliyawa na Minneapolis, ki yi dambu ko soyayyen kaza, shinkafa a kula, shayi a filas biyu. A can abin da za ku saya kifi ne. Suna banda mai kyau, farin kifin tafkin da wanda suke kira trout, an kyafe shi har ya yi ruwan zinariya. Akwai mai sayarwa a Canal Park, akwai kuma tsohon shago a ƙauyen Knife River idan kun bi tsohuwar hanyar bakin ruwa zuwa Two Harbors, wadda ma ta fi kyan kallo. Ku sayi gudansa a naɗe a takarda, ba wanda aka cusa a burodi ba, don wasu shagunan suna haɗa sana'ar da naman alade. Gishirinsa ya ɗan fi namu, in Hajiya tana da hawan jini ta ci kaɗan.

Da yamma ku hau Skyline Parkway da mota, titi ne da ya bi goshin tudun. Akwai wuraren tsayawa da za ta ga gari da gada da jiragen da ke jiran layi ba tare da ta sauko ba. Hasumiyar Enger tana nan, ta dutse, hawa biyar, yariman Norway ne ya buɗe ta a 1939. Maigida da Ikram su hau, ku ku zauna a lambun ƙasa. Ki riƙa ɗaga kai, lokacin dawowar shaho da mikiya ne daga kudu, suna bin gefen tudun saboda ba sa son ratsa faɗin ruwa. Masu ƙirga su suna tsayawa a nan da madubin hangen nesa tun daga Maris, kuma in kin tambaya za su ba ki ki leƙa.

Ɗan Kabi, wandon da ya huje ai ba laifin ruwa ba ne. Ka zo St. Paul ka karɓi tuwo.

Maman Ikram:

Jama'a mun je mun dawo, alhamdu lillahi, na ce bari in kawo rahoto tun da kun yi ɗawainiya.

Allah ya taimake mu da rana. Da muka tsaya a tudun Thompson, Hajiya ta fito ta dafa mota ta yi shiru. Can ta ce wa maigida, "Kai dai faɗi gaskiya, wannan teku ce." Ya ce tafki ne. Ta ce ta ga teku a Jidda, kuma ita ma haka take ba ta da ƙarshe. Ba a rabu da gardamar ba sai da muka kai ta Brighton Beach, inda mota ke isa dab da ruwa. Ta sa na riƙe ta, ta duƙa da gwiwar nan tata, ta ɗebo da tafin hannu ta kai baki. Ta ce, "Ikon Allah, ba gishiri." Sai kuma ta ce tun da ruwa mai tsarki ne ga shi har ya yi yawa, alwala za ta yi. Na hana, ta ƙi. Ta wanke hannu da fuska, kafin ta kai ga ƙafa ta ce a kawo filas, sauran ta ƙarasa da ruwan ɗumi a masauki.

Ummu Hafsa, kin yi gaskiya kan sanyin. A saman tudu Ikram har ta cire jaket, a Canal Park kuwa Hajiya ta sa suwaita biyu da rigar maigida a kan hijabi, ga safa a hannu. Ganye ya fara tohowa, ɗanye shar kamar sabon zogale, fure kuwa sai 'yan rawaya a gindin gidaje.

An rubuta jirgi zai shigo sha ɗaya da rabi, bai iso ba sai biyu saura. Muka ci dambu a mota, wani farin tsuntsun bakin ruwa ya fizge cincin daga hannun Ikram, ta yi kuka, Hajiya ta ce shirwar garin ce, a bar masa sadaka. Da jirgin ya zo, Mesabi Miner sunansa, cikin manyan nan ne. Na toshe wa jariri kunne kamar yadda aka ce, na manta ban gargaɗi Hajiya ba. Da ya busa sai da ta saki salati da ƙarfi har wata Baturiya ta dafa ta tana dariya, ita ma ta kama dariyar. Ta ce ta ja carbi ɗaya da rabi kafin wutsiyarsa ta wuce, wai unguwa guda ce aka ɗora wa inji. Wani ma'aikaci ya ɗago hannu daga sama, ta ɗaga masa nata da safar a jiki, tana yi masa addu'ar sauka lafiya da Hausa.

Gooseberry ruwan ya ɗan ragu amma yana nan da ƙarfinsa, ta kai har wurin kallon da hutu biyu. Ɗan Kabi, mun makara, an ce kifinka ya wuce, sai banda muka saya a Knife River. Ta ci ta ce da za a samu daddawa da kuka da an ga miya.

Yanzu rigimar da muke ciki, ta cika aljihun jakarta da duwatsun bakin ruwa, sumul-sumul, baƙaƙe da jajaye, goma sha bakwai na ƙirga. Ta ce na taimama ne da na tsarabar maƙwabta, don in ta ce ta ga tafkin da ba a hango ƙarshensa ba wanda zai yarda a Gusau sai da shaida. Akwatinta kuma tun kafin duwatsun ya riga ya kai kilo 23. Wanda ya taɓa wucewa da irin wannan a filin jirgi, a jakar hannu ake sa su ko a cikin kaya?